Wasan da Ke Biyan Kuɗin Makaranta

A garuruwanmu na kudancin Kano, tun daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, da wuya uba ya ga ɗansa yana bin ƙwallo ransa bai ɓaci ba. Ni ma uba ne, na san wannan ɓacin rai. Amma akwai ƙasashen da wasa ke biya wa yaro kuɗin karatu, ina so kuwa in bayyana muku yadda abin yake.

A Amurka da Kanada sanyi yana daskarar da ruwa har ya yi tauri kamar dutse. A bisa wannan ƙanƙara suke wasan ƙwallon gora, sanye da takalma masu bakin ƙarfe. Saurayin da ya gwanance, daga shekara 16 zuwa 20, yakan bar gida ya shiga ƙungiyar samari a wani gari, ya sauka hannun waɗansu mutane kamar ɗan riƙo. Malaman wasanni na jami'o'i suna zuwa kallo. Wanda ya gamshe su sai su ce, "Zo ka yi mana wasa, mu kuwa mu ɗauke maka kuɗin karatu da abinci da wurin kwana."

To, a nan ne fa gizo ke saƙa. Akwai hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ana ce da ita NCAA, an kafa ta a 1906. Ba ta yarda yaro ya yi wa manyan jami'o'i wasa sai ya ci darussa 16 da ta ƙayyade a sakandare. Kome gwanintarsa, in takardarsa ba ta cika ba, ƙofa a rufe take. Har wa yau, kafin 2025 ba a yarda jami'a ta ba da abin da ya wuce kuɗin mutum 18 ba, 'yan wasa kuwa sun fi ashirin, saboda haka da yawa rabi suke samu ko sulusi. Sau da yawa kuma alkawarin na shekara guda ne, sai an sabunta. Hukumar da kanta ta ce cikin 'yan wasan sakandare ɗari, wajen biyu kaɗai ke samun wannan taimako.

Wani zai ce, ina ruwanmu, mu da ruwan Tiga bai taɓa daskarewa ba ko da tsakiyar hunturu? Amsa ita ce, hanyar nan ɗaya ce ga masu gudu da masu ƙwallon ƙafa da na kwando. Ta nan Hakeem Olajuwon, haifaffen Ikko, ya shiga Jami'ar Houston a 1980, sa'an nan a 1984 shi aka fara zaɓa cikin sababbin 'yan wasan NBA.

Ku 'yan'uwana da kuka koyi karatu bayan kun yi gemu, kun fi kowa sanin tsadarsa. Shawarata ita ce, kada mu karya wa yaro gwiwa a fili, kada kuma mu bari fili ya raba shi da aji. In ya ce zai tafi wasa, a tambaye shi littafinsa tukuna. In wani baƙo ya ce a sayar da gona a ba shi kuɗi ya kai yaro waje, a nemi takardar jami'ar a karanta da ido, tun da yanzu kun iya. Gwiwa takan gurɗe rana ɗaya, amma abin da yaro ya karanta yana nan tare da shi har tsufa.