Ni da Karena a Ƙarƙashin Ƙasa

Ƙanina ya zuba min NetHack a Nintendo DS, wai in rage dare wajen jinyar Baba. Wasan tun 1987 yake, haruffa zalla: ni ne @, karena d, muna gangara ramuka neman layar Yendor. In ka mutu an shafe komai, sai sabon lale.

Dare na tara Baba ya yi tari. Garin miƙewa yatsana ya danne maɓalli, na daki shuɗin e, idon nan mai sandarar da mutum. Ina riƙe da kofin ruwa tururuwa ta cinye ni.

"Kai, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Sai da ya koma barci na tuna karen. A hawa na huɗu na baro shi.