Wake, Naman Malamin Ƙauye

Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Wannan karin magana na ke so in ara, in yi wa 'yan'uwana ɗalibai 'yar magana a kan wani abu wanda ba ya cikin darussanmu, amma in ya ɓaci, darussan ma sai su ɓaci. Abin nan kuwa shi ne tukunya. Nan gaba kaɗan za a rarraba waɗansunmu zuwa makarantu don koyarwar gwaji, wani a Gella, wani a Maiha, wani a Michika, wani can wajen Sahuda a bakin iyaka. An koya mana yadda a ke shirya darasi, da yadda a ke tsayawa gaban allo. Amma abin da mutum zai ci kafin a buga ƙararrawa, da abin da zai tarar in an tashi, wannan an bar wa kowa ya yi ta kansa.

Mu nan Mubi a garin shanu mu ke zaune. Kasuwar shanunmu ta yi suna ko'ina, ana koro dabbobi daga Kamaru da Cadi, a loda su cikin manyan motoci a yi kudu da su. Amma kowa ya sani ganin shanu a kara dabam, ganin nama a miya dabam. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau, kayan masarufi suka bi bayansa, har ya zamana ɗalibi ko ƙaramin malami sai ya yi mako bai ga tsoka ba. Da yawa daga cikinmu sai suka koma ga taliyar leda, da burodi da shayi, da garin kwaki da sukari. Waɗannan suna cika ciki, gaskiya ne, amma kafin rana ta take sai ka ga malam yana hamma, yara suna ta surutu ya kasa tsawata musu. Alhali kuwa ga wake, ga gyaɗa, ga gurjiya, ga ridi, ga waken suya, duk a gonakin ƙasar nan a ke noma su. Abu biyu ne su ke sa a kau da kai daga gare su. Na farko raini, gama an ce tuwon girma miyarsa nama. Na biyu kuwa, ana cewa wake cin lokaci gare shi da cin itace.

Bari mu fara da rainin, gama kowa ya raina gajere bai taka kunama ba. Masana abinci sun auna wani abu da a ke kira furotin, watau abin da jiki ke gina tsoka da shi, yaro kuma ya yi girma da shi. A cikin giram 100 na busasshen wake akwai furotin kamar giram 24. Gyaɗa tana da kamar 25, waken suya ya kai 36. Dawa kuwa ba ta wuce 11 ba, shinkafa kamar 7, garin kwaki ko 2 bai kai ba. Ɗanyen naman sa, wanda mu ke ta kwaɗayi, nasa kamar 20 ne. Baligi mai nauyin kilo 60 yana bukatar kimanin giram 50 a yini. Ashe ke nan giram 200 na busasshen wake ya kusa biya masa bukatar yini guda, tun ba a lissafa tuwo da kunun da zai haɗa da shi ba.

Akwai kuma wata hikima. Furotin ɗin hatsi yana da giɓi, na wake ma yana da nasa, amma abin da wannan ya rasa wancan yana da shi. Saboda haka in an gama su sai su cike wa juna. Kakanninmu ba su shiga ajin kimiyya ba, amma dubi yadda suka haɗa ƙosai da kunu, da shinkafa da wake, da tuwo da miyar gyaɗa mai daddawa. Abu ɗaya ne tsiro ba ya bayarwa, shi ne bitamin B12, wanda jini ke bukata. Wannan sai a nono, ko ƙwai, ko kifi, ko nama. To, a ƙasar Fulani mu ke, kofin nono ba ya gagara. Kada kuma wani ya ce wake abincin marasa galihu ne. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin waken nan namu, Jamhuriyar Nijar tana biye da ita. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe shekarar 2016 don girmama wake da danginsa, kuma tun daga 2019 a kan yi bikin ranarsu kowace 10 ga Fabrairu.

Saura maganar lokaci da itace. A nan ne na ke da abin faɗi na kaina. Bara aka tura ni koyarwar gwaji a wani ƙauye a gindin dutse, kudu da Mubi. Aka sauke ni a gidan wata tsohuwa, wadda kowa ke kira Dada. Ita ke fara tashi a gidan, kuma kullum kafin in gama shiri na kan ji ƙamshin wake daga madafarta, alhali ban ji ƙarar faskare ba. Ran nan na gaishe ta, na ce, "Dada, don Allah wane irin wake ne naki mai dahuwa kafin gari ya waye?"

Ta yi dariya, ta ce, "Mallum, nyebbe duk ɗaya ne. Wanda ya ce wake ba ya dahuwa, da safe ya tuna da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗana."

Daga nan ta nuna mini dabarunta guda uku, ni kuma ga su na kawo muku kyauta.

Ta farko ita ce jiƙo. Bayan sallar isha'i, ko kafin ka kwanta, tsince wakenka, ka wanke, ka zuba masa ruwa ya sha kansa sosai. Da safe ka zubar da wannan ruwa, ka sa sabo. Waken da ya kwana a ruwa ya kan nuna cikin kamar rabin sa'a, wanda bai jiƙa ba kuwa sai ya ci sa'a guda ko fiye. Zubar da ruwan jiƙon kuma yana rage kumburin cikin nan da a ke yi wa wake gori a kansa. Da haka ba ka bukatar kanwa mai yawa. Kanwa tana sa wake laushi da wuri, amma in ta yi yawa tana kashe bitamin B1 da ke cikinsa, saboda haka 'yar kaɗan ta isa.

Ta biyu ita ce garwashin dare. In an sauke tuwon dare wuta ba ta mutu ba tukuna. Dada sai ta aza tukunyar wake ta tafasa sosai, ta rufe ruf, ta bar ta a kan garwashin. Da asuba sai ta hura 'yan ƙirare ta sake tafasa shi, kamar yadda a ke yi wa ɗumame. Mai risho ko gas ma yana iya yin irin wannan. Ka tafasa jiƙaƙƙen wake kamar minti 15, ka sauke, ka naɗe tukunyar da tsohon bargo, ka sa cikin kwando. Zafin da ke ciki zai ƙarasa aikin cikin sa'a biyu ko uku. Amma lalle a sake tafasawa kafin a ci.

Ta uku ita ce gari. Ran da babu makaranta, ka surfa wake, ka shanya ya bushe, ka kai inji a niƙa. Haka kuma ka daka ƙuli-ƙuli, ka ajiye garinsa cikin gwangwani mai murfi. Mai waɗannan garin biyu a ɗaki ba ya kwana da yunwa.

To, me za a dafa? Ga abin da na rayu a kansa watannin nan.

Da safe kunun gyaɗa, wanda mu mutanen Adamawa ba a koya mana shi. Ka dama markaɗen gyaɗa da ruwa, ka tace, ka aza a wuta. In ya tafasa ka zuba dammen garin shinkafa ko gasara kana juyawa, sa'an nan ka tsiyaya ruwan tsamiya da ɗan sukari. Minti 15 ya ishe ka. In ka sami ƙosai ko awara a bakin hanya ka haɗa, to, har azahar ba za ka nemi kome ba.

Da rana ɗanwake, sarkin sauri. Garin wake, da ɗan garin rogo ko na dawa, da kuka cokali guda, a kwaɓa da ruwan kanwa kaɗan har ya yi danƙo. In ruwa ya tafasa sai ka riƙa gutsura kana jefawa. In ya taso sama ka ba shi kamar minti 10, ka tsame cikin ruwan sanyi, ka zuba man gyaɗa da yaji da albasa. Kafin maƙwabcinka ya gama neman mahauci, kai ka wanke hannu.

Ran da ka kwana da dafaffen wake, hanya biyu ce gabanka. Ko ka zuba masa shinkafa ya zama garau-garau, a ci da mai da yaji da tumatir. Ko kuwa ka soya albasa da tattasai da manja, ka jefa daddawa, ka juye waken a ciki, ka yanka dankali ko kabewa, ka rufe da alayyafo ko zogale a ƙarshe. Wannan shi ne faten wake, kuma tukunya guda ta ishi mutum rana da dare.

Ran da gajiya ta yi yawa kuwa, sai kwaɗo. Dafaffen zogale ko rama, a matse, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, da gishiri da albasa da tumatir, a yayyafa ruwa a cakuɗa. In an matsa lemun tsami a kai ya fi, gama tsaminsa yana taimakon jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda ke ƙara jini. Shayi kuwa yana hana wannan, saboda haka a jinkirta shi sai bayan an ci abinci da kamar sa'a guda.

Sai dai akwai gargaɗi, gama wake ɗaya ke ɓata gari. Wake ma ya yi tsada ƙwarai a 2024, saboda haka mai dabara da kaka ya ke saye ya ajiye. Amma wajen ajiya a ke yin ɓarna. Waɗansu su kan zuba wa wake fiya-fiya don gudun ƙwari, wannan kuwa guba ce. Saboda irin wannan magani ne a 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. In ka ji wake yana warin magani, bar wa mai shi kayansa. Hanyar da ba ta da haɗari ita ce hana ƙwarin iska. Akwai buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙago, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Ɗalibi mai mudu biyar ko shida ba ya ma bukatar buhu. Jarkar man gyaɗa wankakkiya busasshiya ta isa, a shanya waken ya bushe ƙarau, a cika ta har baki, a toshe sosai. Gyaɗa kuma, duk ƙwayar da ta yi funfuna ko ta yi ɗaci a jefar, domin tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi. Waken suya shi kuwa ba a cinsa sai ya dahu ƙwarai.

Ya ku 'yan'uwana, wannan magana ba ta tsaya ga cikinmu kaɗai ba. A ajin da na koyar akwai yaran da su kan zo da safe ba su karya ba, akwai kuma ƙannensu a gida masu jan gashi da kumburarrun ƙafafu, alamar tamowa. Irin wannan ciwo ne wata likita, Cicely Williams, ta bayyana a ƙasar da a ke kira Gana yanzu, ta kuma sanar da duniya sunansa kwashiyoko a 1935. Sau da yawa gidan da yaron ya fito akwai wake da gyaɗa a rumbu, amma an tanade su don kasuwa, yaro kuwa sai kunun zalla. Cokali biyu na markaɗen gyaɗa ko garin soyayyen waken suya a cikin kunun nan zai yi masa amfani mai yawa. Wa zai gaya wa iyaye wannan? Malamin makaranta ne, gama a ƙauye idon kowa yana kansa. In an ga malam yana cin ɗanwakensa ba ya ɓoyewa, in kuma ya sa yara sun shuka wake a lambun makaranta, ya nuna musu 'yan ƙulle-ƙullen nan na saiwarsa masu ƙara wa ƙasa taki, to, ya koyar da darasin da ba ya cikin littafi.

Saboda haka duk wanda sunansa ya fito a jerin masu tafiya, in ya gama ɗaure littattafansa da allinsa, ya bar wuri a akwati don mudun wake, da gwangwanin garin ɗanwake, da ƙuli-ƙuli, da yaji, da kwalbar man gyaɗa. Ya kuma tuna da cewa waken gobe yau a ke jiƙa shi. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, ya sa albarka a abin da za mu koyar da abin da za mu ci. Wassalam.