Kukan Fambel da Damina

Damina a Badun doguwa ce. Tun watan Maris hadari ke fara haɗowa, ba za mu huta ba sai wajen Oktoba. Mu mazauna Sabo muna da wata alamar damina da manoma ba su san da ita ba, wato kukan fambel da asuba. Ana idar da salla, masu Micra da masu bas da masu J5 su fara tayar da mota, sai ka ji "ƙiiii" daga wannan layi, wata ta amsa daga wancan. Minti ɗaya ko biyu ta yi shiru. Mai mota ya ce ai sanyi ne, ya ja abarsa.

Sanyin gaskiya ne, amma fambel mai lafiya ba ya kuka don raɓa ta taɓa shi. Lokacin da aka yi kik, batir ya zubar da wuta mai yawa. Injin na tashi, altaneta ta shiga ƙoƙarin mayar masa da abin da ya rasa, sai juyinta ya yi nauyi. In fambel ya saki ko ya yi sulɓi, ba zai iya janta ba, sai ya riƙa zamewa a kan fuli. Ƙarar ke nan. Laima tana tona asirinsa ne kawai.

Daga nan asarar take farawa. Altaneta ba ta juyawa yadda ya kamata, batir ba ya cika. Ka tsaya a cunkoson Mokola da daddare ana ruwa, fitila ta yi ja-ja-ja, waifa tana tafiyar hawainiya, hon ya shaƙe. Washegari sai an kira yaran layi sun tura. Kowa ya ce batir ne. A ci bashi a sayo sabo, bayan mako biyu shi ma ya kwanta. Sai a koma kan altaneta, a kai wa mai rewaya ya farke ta. Mun san gidajen da kuɗin makarantar yara ya tafi a wannan zagaye, alhali kuɗin batir ɗaya fambel nawa zai saya?

Tsofaffin kanikawanmu, Hausawa da Yarabawa, ba sa fara taɓa abu mai tsada. Mota a kashe, makulli a aljihu, su sa babban yatsa su danna fambel a tsakiyar inda ya fi tsawo tsakanin fuli biyu. In ya lotsa kamar santimita ɗaya, to da dama. In ya wuce haka sosai, ya saki. Sai su juya cikinsa su duba: ya tsattsage? Yana ƙyalli kamar takalmin da aka goge? Akwai baƙin mai a jikinsa? In akwai mai, sauya fambel ɓata kuɗi ne har sai an toshe inda yake yoyo. Wasu kuma sukan yayyafa masa ruwa kaɗan injin na aiki. Ƙarar ta ƙaru, sakewa ce. Ta ɗauke ta dawo, wani fuli ne ya kauce daga layi. Ba ta sauya ba ko kaɗan, a nemi boris. Mai yin wannan dai ya naɗe hannun rigarsa, carbi ya koma aljihu, don fanka ba ta san Alhaji ba.

Sannan a zo kan mita. Batir mai lafiya, mota a kashe, yana ba da kamar 12.4 zuwa 12.6. In an tayar, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. A kunna fitilu da fankar ciki a sake dubawa. In lambar ta faɗi, ƙara kuma ta taso, fambel ya amsa laifinsa. In fambel ƙalau yake amma caji babu, kafin a kwance altaneta a duba kan batir da wayar da ke ɗaure a jikin bodi. Ƙasar nan laima gare ta, wannan farin gari da ke taruwa a kan batir shi kaɗai yana hana wuta wucewa.

Akwai dabarun tasha da muke roƙon a bari. Zuba man birki ko goga sabulu a fambel yana kashe ƙara na yini ɗaya, ya kashe robar gaba ɗaya. Ɗaure shi tamau kamar tsirkiya yana cinye boris na altaneta. Mafi muni shi ne cire kan batir injin na aiki, wai a ga ko mota za ta mutu. A zamanin 504 an yi haka an kwana lafiya. Tokumbo ta yanzu ƙwaƙwalwa gare ta, wuta na yin tsalle za ta iya ƙonewa. In yaron gareji ya kai hannu, ka ce masa, "Oga, bari, ɗauko mita."

Abin ya fi tsanani ga masu hanyar Arewa. Wanda ya tashi daga Ojoo da dare, ya wuce Oyo da Ogbomosho da Ilori, ya san tsakanin Jebba da Mokwa ba wurin buɗe bonet ba ne, ga fasinja ko goron mutane a baya. In jar fitilar batir ta kama kana tafe, sitiyari kuma ya yi nauyi, fambel ya tsinke ko ya fita. A motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa, don haka idonka ya koma kan allurar zafi nan take. Cewa "bari in lallaɓa zuwa gari" ita ke ƙona gasket.

Mai shirin tafiya Salla ya sayi fambel na ajiya ya jefa ƙarƙashin kujera tare da sifanar da ke kwance shi. Lambarsa tana rubuce a bayansa. In ka ga 4PK ko 6PK, adadin layukan cikinsa ke nan, lambar da ke biye kuma tsawonsa ne a milimita. In ta goge, ka ɗauki tsohon ka tafi da shi kasuwar Gate a gwada maka a gabanka.