Wuƙar Yehoyakim da gonar Irmiya

Kalmar horo a bakin Bahaushe tana ɗauke da ma'ana biyu. Ana horar da ɗan maƙera har hannunsa ya saba da guduma, ana kuma horon yaron da ya yi laifi don kada ya sake. A koyarwar Kirista waɗannan biyu ba su rabuwa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, a sura ta 12, ta kwatanta horon Allah da na uba ga ɗansa: yana da zafi a lokacinsa, amma gyara ake nufi da shi. Tambayar da ta rage ita ce, mene ne makomar wanda aka yi ta horonsa, ya ƙi gyaruwa? Tarihin ƙasar Yahuza a zamanin Annabi Irmiya ya ba da amsa.

Irmiya ya fara wa'azi a shekara ta 13 ta sarautar Yosiya, wajen 627 kafin haihuwar Almasihu, ya kuma yi kimanin shekaru 40 yana gargaɗi a Urushalima. Laifin da yake ambata bai sauya ba: bautar gumaka, danne marayu da gwauraye, da dogaro ga cewa tunda Haikali yana cikin birnin, babu abin da zai same shi. A shekara ta 605, lokacin da Nebukadnezzar na Babila ya ci rundunar Masar a Karkemish, annabin ya sa magatakardansa Baruk ya rubuta dukan gargaɗin a naɗaɗɗen littafi. Aka kai wa Sarki Yehoyakim a lokacin sanyi, yana zaune gaban kaskon wuta. Duk sa'ad da aka karanta masa ɗan sashi, sai ya sa wuƙa ya yanke ya jefa cikin wutar, har littafin ya ƙare. Irmiya ya sake shibta wa Baruk wani, aka kuma ƙara a kan na farko.

Wannan shi ne matakin farko na nacewa cikin zunubi: mutum ya ƙi jin faɗa, ya kuma nemi kawar da mai faɗar. Takarda ta ƙone, laifin da ta lissafta yana nan. A shekara ta 597 Babiloniyawa suka kwashi sarki Yekoniya, ɗan Yehoyakim, da manyan gari da masu sana'a zuwa bauta. Duk da haka birnin ya tsira, Haikali ma yana tsaye. An ja kunne, an bar ƙofar tuba a buɗe.

Mataki na biyu ya fi na farko ban tsoro, domin yana kama da tuba. Da aka kewaye Urushalima a zamanin Zadakiya, sarki da masu hali suka yi alkawari a Haikali, suka ƴanta bayinsu Ibraniyawa, waɗanda Attaura ta ce a sallama bayan shekara 6 na aiki. Amma da rundunar Masar ta taso, Babiloniyawa suka janye na ɗan lokaci, iyayengijin suka sake kamo bayin. Tsoro ne ya kawo tubar, da tsoron ya wuce sai ta bi shi. Babiloniyawa suka komo. A shekara ta 586 aka fasa garun birnin, aka ƙone Haikali, aka kashe ƴaƴan Zadakiya a gabansa a Ribla, sa'an nan aka ƙwaƙule masa idanu. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Manomin gero a Maradi ko Damagaram ya san yadda irin wannan ɓarna take tafiya, domin ya san ƙuduji. Tsiron yana kama saiwar gero a ƙarƙashin ƙasa, yana shan ruwanta makonni kafin ya leƙo. Ranar da furensa ya bayyana, an riga an yi asara. Tushe guda yana zubar da ƙwayoyin iri dubbai, waɗanda kan iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10. Wanda ya bar shi ya yi fure bana, ya bar wa ƴaƴansa aikin cirewa. Haka zunubin da aka saba da shi yake: ƙaryar ciniki, cin amanar aure, tauye hakkin ɗan ƙodago. Yakan fara cinye kunyar mai shi, sa'an nan sakamakon ya faɗa a kan waɗanda ba su shuka ba.

Sai dai akwai iyaka da bai kamata mai bi ya ƙetare ba. Ba kowace wahala ce horo saboda laifi ba. Littafin Ayuba ya tsawata wa abokan da suka dage cewa masifarsa shaidar zunubinsa ce, Yesu kuma, a Bisharar Yohanna sura ta 9, ya ƙi ɗora makantar wani mutum a kan laifinsa ko na iyayensa. Uwar da ta kai ɗanta wurin jinyar tamowa a yunwar 2005 abinci take bukata, babu wanda aka ba izinin yanke mata hukunci. Labarin Yahuza madubi ne da kowa zai duba fuskarsa, domin an gaya wa mutanen laifinsu da sunansa shekara da shekaru kafin sakamakon ya zo.

Ko a tsakiyar hukuncin, manufar gyara ba ta gushe ba. Irmiya yana tsare a gidan waƙafi, maƙiya suna bakin garu, ya sayi gona a garinsu Anatot da shekel 17 na azurfa, ya sa Baruk ya adana takardun cinikin cikin tukunyar ƙasa don su daɗe. Ya kuma riga ya aika wa waɗanda ke bauta a Babila cewa su gina gidaje, su dasa lambuna, su yi wa birnin addu'a. A shekara ta 539 Sairus na Farisa ya ci Babila, ya ba su izinin komawa, wajen 516 kuma aka gama sabon Haikali.

An gafarta, an komo, amma waɗanda suka mutu a kewayewar ba su dawo ba, tsofaffin da suka san Haikalin farko kuwa kuka suka yi ranar da aka aza harsashin na biyu. Gafarar Allah tana nan ga mai tuba kowace rana. Abin da jinkiri ke ƙarawa shi ne yawan abin da zai tarar ya lalace ranar da ya komo gida.