Mun Ziyarci Matasa A Gawuna

Ran wata Asabar da la'asar muka hau adaidaita sahu daga Sabon Gari zuwa Gawuna, cikin ƙaramar hukumar Nassarawa ta Kano. Mun wuce ta wajen Asibitin Ido na ECWA, wanda mishan na SIM suka buɗe a 1943. Da muka matso, sai tituna suka ƙara matsewa. Ga masu shayi, ga masu gyaran waya, ga yara suna ƙwallo cikin ƙura. Musulmi su ne mafi yawa a unguwar. Masu bi kaɗan ne, suna zaman haya tare da maƙwabtansu.

Wani dattijon ikkilisiya ne ya gayyace mu. A tsakar gidansa muka tarar da samari da 'yan mata a kan tabarmi. Iyayensu sun zo daga kudancin Kaduna da Filato da ƙauyukan Kano, amma su a nan aka haife su, Hausarsu kuwa ta Kanawa ce.

Bayan waƙa da addu'a, dattijon ya ce kowa ya yi tambaya. Aka yi tsit. Can sai wata yarinya ta ce, "Baba, 'yan ajinmu suna cewa alloli uku muke bauta wa. Na rasa abin da zan ce musu."

Dattijon bai tsawata mata ba. Ya sa ta karanta Markus 12:29, inda Yesu da bakinsa ya shaida Allah ɗaya ne. Ya bayyana cewa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki Allah ɗaya ne, kuma kalmar Ɗa ba ta nufin haihuwa irin ta mutane. Wani saurayi ya ce an faɗa masa an canja Littafi Mai Tsarki. Muka gaya masa akwai cikakken Sabon Alkawari da aka rubuta da hannu a Helenanci wajen shekara ta 350, yana ajiye a Landan, masana suna gwada fassararmu da irinsa.

'Yan'uwa, abin da ya taɓa zuciyarmu shi ne, yarinyar ta daɗe da wannan tambaya, amma tana tsoron yi wa babanta. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su. Sai a 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Yau yana cikin ɗakunanmu. Ashe za mu bar shi a rufe? Ƙungiyar ɗalibai ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, tana ƙoƙari a makarantu, zumuntar matasa kuma haka. Amma ba za su ɗauke wa iyaye nawayarsu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sunan Gawuna ya tuna mana da itacen gawo, wanda yakan yi ganye da rani sa'ad da sauran itatuwa suka bushe. Irin bangaskiyar da muke roƙa wa 'ya'yanmu ke nan.

Ana kiran sallar magariba muka yi sallama. Uba, uwa, a daren nan ku tambayi ɗanku abin da ake tambayarsa a makaranta. Ku buɗe 1 Bitrus 3:15 tare, ku koya masa amsawa da ladabi. Ku riƙa tunawa da matasan Gawuna cikin addu'a.