Ɗiyata da Amosanin Jini

Ɗiyata ta ci jarrabawar bak a Dogondutsi, ta wuce Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Amosanin jini bai bari ta kai ƙarshen shekara ba. Da hunturu ya kama, sai ƙwayoyin jininta su lanƙwashe kamar lauje, su toshe jijiyoyi, ciwon ƙashi ya kwantar da ita ana tsakiyar jarrabawa.

Yanzu tana gida. Maƙwabta na tambayar ranar komawarta, ni kuwa tambayata ko ta sha ruwa da magani. Da hantsi tana koya wa yaran unguwa lissafi. Ranar zuwa cibiyar masu amosanin jini a Yamai, tare muke tafiya. Shawarar komawa jami'a tata ce. In ta yanke, zan nemo kuɗin mota.