Kifinmu Ma Zai Je Gida Hutu

Hirar yau tamu ce mu kaɗai, mu da ɗan kifin da bai wuce tsawon yatsa ba ya sace wa zuciya. Kun san shi ai, beta, mai jelar nan da ke bajewa kamar mayafin amarya, wani ja wur, wani shuɗi mai sheƙi. Yana kan teburin karatu a ɗakunanmu na Samaru, da safe mu ce masa ina kwana, shi kuma ya taso jikin gilashi yana karkaɗa jela, don ya gane hannun da ke ba shi abinci. Daɗi kan daɗi, har ranar da za a gama jarrabawa a ABU Zariya a ce kowa ya kama hanyar gida. Sai ki ga mun yi cirko-cirko, ido ɗaya a kan akwati, ɗaya a kan kifi. Ayya, mu kam!

In tafiyar kwana biyu ko uku ce, ƙawata, ki canza masa ruwa ki bar shi a ɗakinsa, lafiyayyen beta yana jure hakan ba ci. Dogon hutu ne abin ji. Wa za ki bar wa? Maƙwabciya ita ma ta ɗaure kayanta. Mai shagon bakin layi zai karɓa da fara'a, amma don tsabar kirki zai juye masa abincin mako guda a rana ɗaya, ruwa ya lalace. To, dole dai a tafi da ɗan lele.

Abin da ke kwantar mana da hankali shi ne yadda Allah ya halicce shi. Asalinsa ƙasar Tailan, wadda a da ake kira Siyam, a fadamu da gonakin shinkafa inda ruwa ba zurfi, ga ɗumi, ga ƙarancin iska. Sai aka hore masa wata gaɓa a cikin kai da ke ba shi damar leƙowa saman ruwa ya zuƙi iska kai tsaye. Kun lura da ɗan "ɓul" ɗin da yake yi lokaci-lokaci? Numfashi ne. Tarwaɗarmu ma tana da irin wannan baiwa, shi ya sa masu kiwonta ke ɗauko ta da rai a baho ko jarka da ɗan ruwa kaɗan, ta iso kasuwa tana mutsu-mutsu. Kuma kada ku raina ɗan namu, a 2019 Tailan ta ayyana shi dabbar ruwa ta ƙasa. Ashe ɗan sarauta muke ɗauka a cinya, hahaha!

To ga inda zuciya ke wahala: kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a daina ba shi abinci. Wayyo, zai zo jikin gilashi ya zuba miki ido, ke kuma kwalbar abinci na hannunki, ranki na cewa ƙwaya ɗaya dai. Ki daure, 'yar uwa. Abin da ya ci zai fitar, kuma a ɗan ruwan tafiya wannan ƙazantar kan koma sinadarin amoniya mai ƙona shi. Yunwar kwana biyu ba ta yi masa komai, mu dai take ci wa rai.

Mazubi kuwa, ki shiga kasuwar Sabon Gari ki sayi sabuwar roba mai murfi, wadda sabulu bai taɓa shiga ba, ki ɗauraye da ruwa zalla. Ki ɗebi ruwan da ya saba da shi daga gidansa, don ruwan famfo na iya zuwa da kulorin, ki kuma cika wata gora da shi saboda ranar sauka. Kada soyayya ta sa ki cika robar fal. Ruwa kashi ɗaya, iska kashi biyu, tunda mun ce sama yake zuwa shan numfashi. Duwatsun ado da ɗan gidansa su bi akwati, kada rami ya girgiza mota su buge shi. In maza biyu gare ki, kowa da robarsa, don ba su haɗuwa sai an yage jela. Sai ki naɗe robar da tawul ki sa a 'yar kula, duhu na sa shi ya natsu.

Kular nan ita ce komai, wallahi. Shi fa ruwan da ke tsakanin digiri 24 zuwa 28 yake so, mu kuwa kun san ƙasarmu. Hutun Disamba, asubahin hunturu a Samaru kan sauka ƙasa da 15, haƙora na kaɗawa. A watan Afrilu kuma Sakkwato na wuce 40. Nisa ba ya kashe shi kamar yadda ruwa zai yi sanyi ƙarara da safe, ya koma zafi zau da azahar. Don haka babu zancen but, babu barin sa a mota an rufe gilashi an tafi salla. Ki sauko da shi inuwa, ki ɗaga murfi sabuwar iska ta shiga, ki leƙa ki ce masa sannu. Mun san kina yi, mu ma muna yi!

Amma tashar Kwangila, kai, nan ne ake shan dariya. Ɗan kamasho zai miƙo hannu: "Hajiya, kawo kular a sa a baya." Ki rungume ki ce, "A'a Malam, wannan a cinyata zai zauna." "Mene ne a ciki?" "Kifi." "Na miya?" Sai an buɗe an nuna, wata dattijuwa a gefe ta riƙe haɓa: "'Yar nan, wannan ko loma ɗaya ai ba zai yi ba." Alhali ita ma ga kajinta biyu a ƙarƙashin kujera, wani yaro a baya da kwandon tattabaru, mu ai ba mu taɓa jin kunyar tafiya da abin kiwo ba. Kafin a wuce Giwa an gama tsiya, a Funtuwa an fara tambaya, "Yana nan dai ko?" A Gusau dattijuwar nan ce da kanta ke jan mayafinta ta tare masa rana, tana ce wa direba ya bi ramin nan a hankali akwai baƙo a mota. Kilomita wajen 400 ne daga Zariya zuwa Sakkwato, kafin Talatar Mafara ɗan kifin ya zama na kowa. Allah sarki, mutanenmu.

In an sauka lafiya, kada a yi garaje. Ki zuba ruwan gorar a gidansa, ki ɗora robar a ciki ta yi iyo kamar minti 20 zuwa 30 har ɗuminsu ya daidaita, kina ɗan haɗa ruwan kaɗan-kaɗan, sannan ki sake shi. Za ki ga launinsa ya koɗe, ya lafe a ƙasa, gabanki ya faɗi. Gajiyar hanya ce, ƙawata. Ki bar shi a wuri mai duhu-duhu, abinci sai gobe, ki kuma sa murfi, don beta gwanin tsalle ne, ga magen gida na kai-kawo, ga ƙanne kowa na son tsoma yatsa.

Inna kuwa, kun san abin da za ta fara cewa: "Karatu aka tura ki ko kiwon kifi?" Ki yi shiru abinki. Bayan mako guda za ki fito da asuba ki same ta durƙushe gaban gilashi da carbinta, tana tambayarsa ya kwanan baƙunta. Ranar komawa Zariya kina haɗa kula za ki ji ta daga ɗaki: "Ke, wannan ɗan bawan Allah ba ya son wahalar mota, ki bar mini shi nan." Hahaha, sai mu sake neman wani!